Ajon Bawa Mai Gurmi

A Babankatami kowa ya san Furera ba ta cewa "bawan Allah". Idan wani ya ba ta tausayi, sai ta ce, "Kayya, wanga talikin Allah." Idan tana ɓarar gujiya, abin da sauran mata ke kira ɓawo ita kwasfa take ce masa, ko da yake kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, kuma duk mai kunne yana jin bambancinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sunan mijinta Bawa. Matan zamaninta ba su kama sunan mijin fari, amma yawancinsu idan aure ya tsufa sukan sassauta, ko a bayan ido, ko cikin faɗa. Furera shekara talatin da takwas ta yi a gidan Bawa mai gurmi, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Shi Bawa ba shahararren makaɗi ba ne. Ba a taɓa nuna shi a talabijin ba, kuma iyakar tafiyarsa da kiɗa ita ce Madawa. Manomi ne kamar kowa, mai gonar hatsi a kan tudu da ta dawa a bakin fadama. Mahaifiyarsa ta binne ƴaƴa uku kafin shi, shi ya sa ta laƙaba masa Bawa, ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Gurmin kuwa a wurin kawunsa mafarauci ya koya: ɗan ƙoƙon duma ne da aka rufe da fatar guza, da sanda, da tsirkiya biyu. Da wannan ɗan abu yake bin bayan masu noma a ranar gayya, yana kiran kowane mutum da sunan kakansa da sunan gonarsa, har wanda ƙugunsa ya sage ya miƙe ya sake kama hauya. Idan kaka ta wuce samari za su tafi ci-rani, shi ke raka su tasha. Kaset-kaset ɗinsa sun je Abijan da Agadas da Legas a cikin jakunkunan mutane, shi kuwa yana gida yana gyaran darni.

Sun haɗu ne a shekarun da suka biyo bayan babbar yunwa, lokacin da ake aikin tare ruwa a tsaunukan Keita, mata suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a gangare. Bawa ya je neman abinci kamar kowa, amma siriri ne, dutse biyu ya ɗauka ya zauna yana haki. Shugaban aikin ya ga gurmin a rataye a kafaɗarsa, ya ce ya bar dutse ya yi abin da ya iya. A cikin matan akwai wata doguwa daga wajen Garhanga, wadda ba ta tsayawa sauraro sai ta sauke kayanta. Ran nan ya tare ta a wurin randar ruwa ya tambayi sunanta.

Ta ce, "Hurera," yadda mutanen Adar ke faɗinsa.

Ya ce, "Ni kau Bawa. Hwaɗa mu ji ko kin riƙe."

Ta dube shi, ta dubi moɗar da ke hannunta, ta ce, "Na riƙe."

"To hwaɗa mana."

"Na ce maka na riƙe."

Ta ajiye moɗa ta koma aiki. Bawa ya tsaya yana murmushi shi kaɗai, domin ya gane abin da aka gaya masa. A lokacin babu abin da ya hana ta faɗin sunan baƙon da ta gani jiya. Budurwa ba ta jin nauyin sunan wanda ba ta ajiye a ranta ba. Kafin damina ta biyu an ɗaura musu aure.

Daga wannan tsayuwa ta bakin randa ya yi waƙar da ya riƙa rufe kowane taro da ita har ƙarshen kiɗansa:

Hurera ɗiyar Garhanga,
Mai ɗaukar dutse ba gammo,
Kira ni in amsa.

A nan sai ya ɗauke yatsunsa daga tsirkiya, ya karkata kai wajen da mata suke, ya yi shiru kamar tsawon numfashi biyu. Filin duka yakan yi tsit. Sa'an nan ya girgiza kai ya ci gaba:

Ta ƙiya, jama'a, ta ƙiya,
Mu sake roƙo.

Sau uku yake yi. A na ukun sai ya ce, "Ta ƙiya, mu tashi, sai wani taro," mutane su fashe da dariya su watse. Furera takan ja mayafi ta rufe fuska, idan sun koma gida ta ce masa, "Kai dai ba ka jin tsoron ƙarya. Wa yag gan ni ba gammo? Da gammona, na tsumman zanen innata."

A gida ma bai bar ta ta huta ba. Yakan zauna yana ɗaure tsirkiya, ya ce, "Ke, tambaya gare ni. Zamanin da, in anka kamo mutum wurin yaƙi anka sai da shi, mi aka ce mishi?"

Ta ce, "Marar gata."

"Wani suna dai."

"Wanda Allah ya jarraba."

Ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Wata rana, bayan irin wannan wasa, ya ce mata, "Wallahi Hurera, ranar da kinka kira ni da sunana, ko ina bakin kushewa sai na amsa."

Ta ce, "In na kira, waƙa ta mutu. Mi za mu ci?"

Haka suka tsufa. Ta haifa masa ƴaƴa shida, huɗu suka rayu, autarsu Sa'ida tana aure a unguwa ɗaya da su. Idan Furera tana son magana da shi, sai ta tsaya inda zai gan ta ta ce, "Ji mana." Idan tana ba da labarinsa, "mai gidan ga" ne, ko "mai gurmi".

A farkon daminar bara, ranar gayya a wata gona da ke yamma da gari, yana tsakiyar kiran kakan wani manomi sai gurmin ya zame daga hannunsa. Masu noma sun yi nisa kafin su lura kiɗa ya tsaya. An kai shi wurin likita a Buza, daga can aka wuce da shi asibitin mishan, ya yi sati uku. Aka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe kuma ya tafi tare da shi. Aka dawo da shi gida a kwance.

Yana cin abin da aka sa masa a baki. Idanunsa a buɗe suke, amma suna wuce mutum su tsaya a bango. Abokansa sukan zo su durƙusa kusa da kunnensa su ɗaga murya, "Bawa! Bawa, ka gane ni?" Ko ƙiftawa ba ya yi. Sa'ida takan ce "Baba" har muryarta ta dushe. Furera kuwa tana juya shi, tana wanke shi, tana shafa masa man kaɗe a gwiwa, tana ba shi labarin gona da na akuyar da ta haihu, tana farawa kullum da "Ji mana". Abin da take so bai wuce ɗaya ba. Ba ta roƙi ya tashi ya yi kiɗa ba. So take ta san ko mutumin yana nan cikin wannan jiki, ko tun ranar gayya ya tafi ya bar ta tana hira da bango.

Sati biyu da dawowarsu, ƙawarta Abigail ta zo daga Madawa a motar kasuwa. Abigail ta yi shekaru tana aikin jinya a asibitin mishan kafin ta huta, kuma ita ce ta tsaya a kan Furera lokacin da haihuwar Sa'ida ta zo da gardama. Tun daga nan suke zumunci, Furera tana aika mata naman layya, ita kuma tana aiko da shinkafar Kirsimeti. Abigail ta duba majinyacin, ta ɗaga hannunsa ta saki, ta yi masa magana, sa'an nan ta ja Furera gindin rumbu.

Ta ce, "Ƙawa, mi kika ce mishi in kina magana da shi?"

"Abin da ni saba."

"'Ji mana'? Wanga ba suna ba na. Na ga irinsu da yawa. Wani ba shi amsa kowa sai murya guda, da kalma guda. Ki kira shi da sunanshi."

Furera ta kama baki. "Ni?"

"A'a, ni. Ke mana! Ni nawa mijin kullum ina cewa Titus, Titus, kawo wanga, Titus, aje wancan, shekara arba'in, ga shi nan da ƙibarshi bai mutu ba."

"Ku ai kun yi lakwal, kun sha boko, kunyarku ta tahi da alli."

"To ke da ba ki yi ba, ki shiga ɗaki ki ja ƙyaure. Wa za shi ji?"

Furera ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ba jin mutane kaɗai ba na. Ya ce ko shina bakin kushewa sai ya amsa. In ni kira yak ƙi amsawa, na san ba shi nan. In kau ya amsa..." Ba ta ƙarasa ba.

Abigail ta ce, "Wasa shika yi ranan nan."

"Awo. Wasa na."

Bayan tafiyar Abigail, Furera ta gwada. Ta ja ƙyaure da rana tsaka, ta zauna kusa da kansa, ta haɗa leɓɓanta a kan harafin farko. Nan ya tsaya. Ta ji kamar an ce ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin da ta riga ta share.

Damina ta wuce, aka yanke hatsi aka ɗaure. Likitoci sun ce a mayar da shi asibiti ya yi wata ɗaya ana motsa masa jiki, amma akuyoyin gidan sun riga sun tafi a jinyar farko. A nan ne Shafi'u ya zo. Shafi'u ya yi shekara goma sha biyu yana yi wa Bawa amshi kafin ya kafa ƙungiyarsa a Madawa, inda yake kiɗan biki da fiyano da manyan lasifikoki. Yanzu magidanci ne mai furfura a gemu, amma da ya shigo sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

Ya ce, "Inna, mun yi shawara da makaɗan Buza da na Azarori. Ajo muka so mu yi ma Baba."

Ajo tsohuwar al'ada ce ta makaɗa. Idan ɗayansu ya shiga wani hali, sauran sukan taru su yi wasa a fili, duk abin da jama'a suka bayar a miƙa masa, babu wanda zai ɗauki ko ƙwayar goro. Bawa ya yi wa mutane da yawa, wanda gidansa ya ƙone, da wanda zai aurar da ɗiya.

Furera ta ce, "Allah shi saka. Ku yi."

"Amma Inna, sai an kawo shi hili."

"A'a. Marar lahiya ba abin kallo ba na. Mutumen da yawu ka zuba daga bakinshi za ku aje gaban gari?"

"Inna, shekara arba'in shina zuwa taron mutane. Nashi guda ɗaya, a yi shi shina bayan darni? Ko bai gane kowa ba, kunnenshi shi sha kiɗi."

Wannan kalma ta kunne ita ta karya ta. Ta ce za ta kawo shi, amma da sharaɗin Sa'ida ta zauna kusa da shi da ƙyalle a hannu.

Aka sa ranar kasuwa, bayan azahar. Furera ta sa aka yi masa aski, ta saka masa shuɗiyar rigarsa ta salla, wadda yanzu ta yi masa yawa kamar ta aro. Aka ɗora shi a amalanke, aka kai shi dandali, aka zaunar da shi a kujera mai hannu a ƙarƙashin rumfa, aka tokare shi da matasai. Da za ta koma wajen mata, sai ta ciro gurmin daga cikin mayafinta ta ɗora masa a cinya, ta sa sandar a cikin hannunsa na hagu, mai sauran rai.

Jama'a ta taru fiye da yadda ta zata. Manoman da ya yi wa kiɗa sun zo da dammunan hatsi a ka, ana jingine su a jikin bangon lakwal da ke bakin dandalin har suka rufe tagogi. Mutanen fadamar Madawa sun kawo buhunan albasa. Wani Bafillace ya jawo tunkiya, ya ce shekara ashirin da suka wuce mai gurmi ya ambaci sunan babansa a wurin kokawa, kuma tsohon bai daina ba da labarin ba har ya rasu. Abigail ta zo da Titus da matan zumuntar ikilisiyarsu, da sabulu da buhun masara. Samari suna ɗaga wayoyi sama domin ƴan'uwansu da ke Abijan su gani. Maroƙi yana tsakiyar fili da makirfo, yana shelar kowace kyauta da sunan mai ita.

Makaɗa suka yi ta karɓa-karɓa. Masu kalangu suka yi, masu gangar noma suka yi, yaran Shafi'u suka ɗauki tsofaffin waƙoƙin Bawa suka sa musu fiyano, da sauri fiye da yadda mai su yake yi. Lasifikoki suna girgiza ƙasa. Kowane lokaci maroƙi yakan juya wajen rumfa ya yi kururuwa, "Bawa na Babankatami! Dibi jama'arka!" Filin ya amsa da sowa.

Furera tana zaune a tabarma cikin mata, Abigail a gefenta, ba ta kallon kowa sai shi. Kansa ya faɗa gefe ɗaya. Idanunsa suna kan turken rumfa. Ƙuda ya sauka a leɓensa, Sa'ida ta kore shi, ya dawo. Mutane suna zuwa su tsaya a gabansa, su yi magana, su jira, su juyo suna share ido. Wani yaro ya tambayi uwarsa da ƙarfi ko tsohon ya mutu ne. Furera ta ji maganar. Ta ce wa Abigail, "Na yi kuskure. Da na bar shi ɗaki da mutuncinshi."

Aka tsaya aka yi la'asar, aka dawo. Rana ta sunkuya, inuwar bangon lakwal ta kai tsakiyar fili. Shafi'u ya karɓi makirfo ya ce saura waƙa ɗaya, kowa ya san ta. Sa'an nan ya ajiye makirfon a ƙasa, ya ɗaga hannu wajen mai kula da injin wuta.

Ya ce, "Kashe gurup ɗin ga. Wagga ba ta son hayaniya."

Injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya sa aka ji kukan tunkiyar Bafillacen. Shafi'u ya ciro nasa tsohon gurmin, ya zauna a ƙasa a gaban kujerar maigidansa kamar yadda yake zama a da, ya fara kaɗawa a hankali.

Hurera ɗiyar Garhanga,
Mai ɗaukar dutse ba gammo,
Kira ni in amsa.

Ya ɗauke yatsunsa. A cikin shirun, Furera ta ga wani abu. Yatsun hannun hagun Bawa, waɗanda suke kwance a kan sandar gurmi tun azahar, sun ɗaga. Kaɗan ne, kamar faɗin ƙwayar hatsi. Ta ce a ranta idonta ne. Shafi'u ya ce, "Ta ƙiya, jama'a, ta ƙiya," wasu suka yi dariya don sabo, dariyar ta mutu da wuri.

Abigail ta damƙe mata wuyan hannu. "Kin gani?"

"Ban ga komi ba."

"Ƙarya kika yi. Diba da kyau."

Shafi'u ya sake ɗaukowa daga farko. Yanzu Furera ta ga yatsun suna bin tsirkiya, ba su danna ta, suna dai tafiya inda suka saba. Da aka kai "kira ni in amsa", suka ɗaga. Kan da ya faɗa dama tun da aka zaunar da shi ya motsa, da ƙyar, da rawa, ya karkato hagu, wajen da mata suke. Idanun suka bar turken rumfa. Suna bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Numfashi biyu suka wuce. Muryar Shafi'u ta karye a kan "ta ƙiya". Babu wanda ya yi dariya.

Saura ɗaya. Furera ta san tsawon waƙar kamar yadda ta san tsawon tsakar gidanta, ta san ba ta da lokacin da ya wuce na ɗebo ruwa a randa. Ga ƙannen mijinta a zaune, ga surukanta, ga limamin unguwa a bakin rumfa, ga jikokinta. Ta tuna innarta, wadda ta mutu ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Ta tuna abin da ya faɗa a kan tabarma yana dariya, da inda ya ce zai kasance. Kuma ga shi can yana nemanta cikin mata, a gaban gari duka, kamar yadda ya yi shekara talatin da takwas, sai dai yau ba shi da bakin da zai ce ta ƙiya ya mai da abin wasa.

Kira ni in amsa.

Shafi'u ya ɗauke hannu.

Ba ta tashi tsaye ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta dai janye mayafin daga fuskarta. Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Bawa."

Idanun suka same ta suka tsaya. Gefen bakinsa mai rai ya yi rawa, maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Muryar da ta fito ba ta mawaƙi ba ce, ta tsufa, ta yi kaushi, amma har na bayan fili sun ji.

"Na'am."

Shafi'u ya buɗe baki domin ya ci gaba, ya rasa abin da zai ce, domin waƙar ba ta da wani ƙarshe sai na ƙi. Ya kifa gurminsa a ƙasa, ya sa fuska a tafin hannu. Sa'ida tana cewa, "Baba ya yi magana, Baba ya yi magana," kamar akwai wanda bai ji ba. Wata tsohuwa ta fara guɗa ta katse a tsakiya. Mutane suka tashi a hankali, ba tare da an ce su tashi ba, aka kama kwasar dammuna zuwa gidan mai gurmi kafin magariba.

Aka shirya tafiya asibiti bayan kwana goma sha biyu, ranar da motar wani ɗan kasuwa za ta sauka Madawa. A cikin kwanakin nan Bawa bai ƙara wata kalma ba. Sa'ida ta gwada, Shafi'u ya gwada, liman ya gwada, bai amsa ba. Amma kowace safiya, idan Furera ta idar da salla ta dama kunu, takan ja ƙyaure, ta zauna kusa da kansa, ta kira shi. Yakan ce, "Na'am." Sau ɗaya take yi a yini. Abigail ta aiko a gaya mata ta riƙa yi sau goma, sau ashirin, hakan zai taimaki harshen. Furera ta ce to, amma ba ta iya ba. Tana ganin kamar abu ne da aka auna mata, idan ta yi gaggawa zai ƙare.

Ranar tafiya ta tashi da wuri ta ɗaure kaya: tabarma, da buta, da garin kunu, da shuɗiyar riga. Ta ja ƙyaure ta zauna. Ta kira shi. Ta jira numfashi biyu. Ta sake kira. A na ukun ta sa hannu a goshinsa, ta bar shi a can har hasken rana ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Motar da ta zo ɗaukarsa ita ta kai labari Buza da Madawa, ta dawo da masu gaisuwa. Hatsin ajo da shi aka yi sadakar uku da ta bakwai.

Shafi'u ya sassauta tsirkiyar gurmin maigidansa ya rataye shi a ɗakin. Tun daga ranar, idan aka roƙe shi waƙar Hurera a wurin biki, yakan ce ya manta ta.

Abigail ta dawo lokacin da takaba ta yi nisa. Ta tarar da Furera a gindin rumbu da ƙwaryar gujiya a gabanta, tana ɓara domin iri. Suka gaisa, Abigail ta zauna ta ja ƙwaryar tsakaninsu. Suka kama ɓara tare.

Can Furera ta ce, "Sau goma sha biyu ya amsa. Na ƙilga."

"Allah ya ba ki su, ƙawa."

"Ranar da kinka ja ni nan wurin kinka ce in kira shi, hatsi bai yi bununi ba. Wata uku ke nan kahin ajo. Shina nan ciki, shina jira, ni kau ina ba shi labarin akuya." Ta fasa gujiya ɗaya, ta dubi ƙwayar. "Kullum sau guda ma, da ya kai ɗari."

Abigail ta ci gaba da ɓara.

Sa'ida ta fito daga madafa da faifai. Furera ta tura mata tarin da ya taru a bakin tabarma, ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Kwashe kwasfar ga ki kai ma tumaki."